Gwajin sikila ya ba ni sakamako iri biyu, ga ɗaurin aure saura mako uku

Mai tambaya, Gusau: Assalamu alaikum. A 2019 an yi mini gwajin sikila, takarda ta nuna AA, wato ba ni ɗauke da ƙwayar sikila, amma da muka je gwajin aure makon jiya sai aka ce AS ne, wato ina ɗauke da ƙwayar, alhali wadda zan aura ita ma AS ce. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mu shida aka ɗebi jininmu a jere, aka jera kwalaben a faranti ɗaya babu suna, sai da muka tashi ma'aikacin ya fara rubutawa. An riga an kai lefe. In sanar da iyaye yanzu, ko in sake gwajin tukuna?

Wani ɗan kasuwa: Wa alaikumus salam. Ka tafi asibitin gwamnati, naira 2,000 na biya bara.

Wata malama, Talata Mafara: Alhaji, wannan tsohon farashi ne, ni 5,000 aka karɓa a wurina.

Uwar yara, Ƙauran Namoda: Ƙanena, kada ka ɗaura auren nan kan kokwanto. Takardar maigidana AA ta nuna, ni kuwa AS, muka yi aure hankali kwance. Ɗanmu na fari yana wata takwas hannuwansa da ƙafafuwansa suka kumbura, ya kwana uku yana kukan da ko nono ba ya karɓa, aka gwada aka ce SS, wato ciwon sikila. Da muka koma aka duba rajista, ashe a ranar gwajin maigidana akwai wani mai sunansa da sunan mahaifinsa, sakamakon wancan aka ba shi. Ko haƙuri ba wanda ya ba mu. Yau shekara tara ke nan muna zaryar asibiti, kuma ƙanwarsa ma da ciwon ta zo.

Ma'aikacin ɗakin gwaji: Hajiya, Allah ya ba su lafiya. Ƙa'idar aikinmu ita ce a tambayi mutum ya faɗi sunansa da bakinsa, a haɗa da lambar katinsa ko ranar haihuwa, sannan a rubuta a jikin kwalbar, ba a murfi ba, yana zaune bai tashi ba. Suna kaɗai ba ya isa a ƙasar da kowane layi ke da Muhammadu uku. Malam, jinin mutum ba ya sauyawa daga AA zuwa AS, sai dai idan an yi maka ƙarin jini cikin wata ukun nan, wanda yakan rikita sakamako. Ku sake gwajin ku biyu a wurin da ke da rajistar MLSCN, hukumar da ke kula da ɗakunan gwajin lafiya a Nijeriya, domin idan AS da AS ne, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na haifar SS.

Wani ɗan kasuwa: Ai ku ne kuke yin kuskuren, don haka maganar Hajiya ta fi taka nauyi.

Wata malama, Talata Mafara: A'a Alhaji, wanda ya san ƙa'ida shi zai gaya mana abin da za mu sa wa ido. Ni abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu sayar da takardar AA ba tare da an ɗebi jini ba, kuma na san gidan da hakan ta faru.

Mai tambaya, Gusau: Ba a taɓa yi mini ƙarin jini ba. Amma har yanzu ba ku ce mini komai kan maganar iyaye ba.