Yaya za mu rage kuɗin man da rijiyar burtsatsen unguwarmu take ci?

Sakataren Kwamitin Ruwa:
Assalamu alaikum. Ni ne sakataren kwamitin da ke kula da rijiyar burtsatse ta unguwarmu a wani ƙauye na jihar Katsina. Muna ɗaga ruwa da sumo, wato famfon lantarki da ake zurawa cikin rijiya, mai ƙarfin doki biyu, daga zurfin kusan mita 60 zuwa tanki mai cin lita 20,000 da ke kan ƙarafa masu tsawon mita goma, kuma janareton da muke kunnawa mai kVA 20 ne (kVA shi ne ma'aunin ƙarfin janareto), wanda wani bawan Allah ya ba mu kyauta. Kullum sai mun ƙona dizal kusan lita goma kafin tankin ya cika, kuma tun bayan tashin farashin kaya da ya biyo bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuɗin da muke karɓa a kan jarka ya daina riƙe mu. Wasu dattawa sun ce a ƙara kuɗin jarka, matasa kuma sun ce a koma sola. Ina neman shawarar masu sani kafin taronmu da mai unguwa.

Injiniyan Ruwa:
Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Kafin a yi maganar sola, ya kamata a fara da lissafi, domin alƙaluman da ka kawo sun riga sun nuna inda man yake tafiya. Ɗaga lita 1,000 zuwa tsawon mita 70 yana buƙatar kusan kashi ɗaya cikin biyar na yunit ɗaya na wuta, wato irin yunit ɗin da ake saye a mita. Idan muka ɗauka cewa rabin ƙarfin yana salwanta a cikin motar da ke juya sumon da famfo da bututu, wanda ba abin mamaki ba ne ga ƙaramin sumo, cika tankinku zai ci yunit takwas ko kusa da haka. Janareton dizal da aka ɗora wa nauyi daidai ƙarfinsa yana shan kusan sulusin lita a kan kowane yunit, saboda haka lita uku ya kamata ta ishe ku, ba goma ba.

Kyautar da aka yi muku ita ce take cin kuɗinku, ko da yake mai ita alheri ya nufa. Injin kVA 20 da ke jan sumo ɗaya tak yana ƙona yawancin mansa ne wajen juya kansa, kuma idan ya daɗe yana aiki da ɗan ƙaramin nauyi irin wannan, man ba ya ƙonewa sosai, har za ka ga baƙin maiƙo yana tsatsafowa daga bakin salansa. Ka duba naku, ina kyautata zaton za ka same shi haka. Injin kVA biyar ko shida ya isa ya tayar da sumo mai doki biyu, har da ƙarin ƙarfin da yake ja a daƙiƙun farko.

Mai Gyaran Famfo:
Ina goyon bayan Injiniya, amma ina roƙon a bi layin bututu da ƙafa kafin a sayi komai. Na taɓa zuwa wata unguwa inda ake kukan tanki ba ya kwana da ruwa, sai muka tarar da ciyawa kore shar a tsakiyar bazara a bayan wani gida, muka tona muka samu haɗin bututu ya tsage. Duk ruwan da ya zube a ƙasa an riga an biya kuɗin mansa. Gwajin yana da sauƙi: ku cika tanki da magariba, ku rufe dukkan kawunan famfo, ku yi alama, sannan ku duba bayan sallar asuba. Haka kuma a sa makunni mai yawo a saman ruwa wanda zai kashe sumo idan tanki ya cika, domin a wurare da yawa sai ruwa ya fara ambaliya daga sama kafin yaro ya ruga ya kashe inji. Idan kuma bututun da ya hau tanki inci ɗaya ne, a mayar da shi inci ɗaya da rabi, saboda siririn bututu yana wahalar da famfo ƙwarai.

Malamar Makaranta:
Mu a garinmu mun koma sola, kuma ban yi nadama ba, sai dai akwai abin da masu sayarwa ba sa faɗa. Ba a buƙatar batir ko kaɗan idan tankin yana da girma, domin ruwan da aka tara da rana shi ne ajiyar dare, kuma batir ne ke fara mutuwa. Amma lokacin hunturu ƙura tana rufe farantan solar har ruwa ya ragu, dole a sa wanda zai riƙa wanke su da sassafe kafin su yi zafi. Matsalarmu babba ita ce mutane sun ce tunda rana kyauta ce ba za su ƙara biyan kuɗin jarka ba, ranar da na'urar sarrafa wutar ta ƙone kuwa babu ko sisi a asusu, muka yi makonni muna saye a hannun 'yan garuwa.

Injiniyan Ruwa:
Gaskiyarki, Malama. Ga yunit takwas a rana, farantai masu jimillar kilowat biyu zuwa biyu da rabi za su wadatar a irin ranar Katsina, a fuskantar da su kudu tare da ɗan karkatawa. Sai dai yawancin jihar tana kan dutse ne, inda rijiya ba ta cika ba da ruwa mai yawa a awa ɗaya ba, kuma sola tana matsa aikin duka cikin 'yan awoyin tsakar rana. Saboda haka a gwada ƙarfin rijiyar tukuna, kuma a sa na'urar da ke tsayar da sumo idan ruwa ya ja baya, don kada ya juya a bushe ya ƙone.

Sakataren Kwamitin Ruwa:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na je na duba salansar da yamman nan, maiƙon yana nan har ya ɓata bangon ɗakin injin. Yau da daddare za mu yi gwajin tankin, kuma zan kai wa kwamiti shawarar a nemi izinin wanda ya ba mu janareton mu sayar da shi mu sayi ƙarami, ragowar kuɗin kuma mu buɗe asusun sola da su.