Cigiyar kalma: me za mu kira "space shuttle" da Hausa?

Jama'a, assalamu alaikum. Masu fassara labarai sun daɗe suna kewaye wannan kalma. Wani ya ce kumbo kawai, wani ya ce jirgin sama jannati, wani ya bar ta da Turancinta ya wuce abinsa. Kumbo kawai bai isa ba, don Apollo kumbo ne, Soyuz na Rasha ma kumbo ne, kuma kowannensu hawa ɗaya ake yi masa, ya sauko da laima, aikinsa ya ƙare. Wannan kuwa yana tashi a tsaye da ƙarfin roka, ya sauka kan tayoyinsa a titin jirgi, a duba shi a gyara, a sake harbawa. Guda biyar ne na Amurka suka je sararin samaniya tsakanin 1981 da 2011: Columbia, Challenger, Discovery, Atlantis da Endeavour. Discovery kaɗai ya je ya dawo sau 39.

Ni dai na ce a kira shi kumbon jigila. Jam'i, kumbunan jigila. Mai ja ya matso.

Baba, Allah ya ƙara girma. Ka ce asalin kalmar a Turanci ƙoshiyar masaƙi ce, wadda ke ɗauke da zare tana kai da komowa, don haka mu ce ƙoshiyar samaniya. Asali kam ka kamo shi. Ɗan'uwanmu na Damagaram ma ya goya maka baya, ya ce Faransancin da suke fassarowa "navette" yake cewa, ita ma ƙoshiyar saƙa ce. In ƙara maka hujja da kaina, Larabawa "makkuk" suka ce, shi ma daga masaƙa ya fito. Harsuna uku ke nan a bayanka.

Sai dai a harsunan nan kalmar ta bar masaƙa, ta shiga bakin mutane da ma'anar duk abin da ke zirya tsakanin wuri biyu, mota ce ko jirgi ko jakada. Tamu ƙoshiyar ba ta yi wannan tafiya ba. Ka ce wa yaron yau ƙoshiya, in ma ya san ta, cokalin icce zai hango. A ce masa an harba ƙoshiya sama da mutum bakwai a ciki, darasi ya tashi ke nan, sai dariya. Alhali muna da kalmar da ta riga ta yi wannan aiki: jigilar alhazai, jigilar ɗalibai, jigilar kaya daga tashar ruwa. Kuma a cikin jigila akwai ɗaukar kaya, wanda shi ne ainihin sana'ar wannan kumbo. Ɗakin kayan da ke bayansa tsawonsa mita 18 ne. A ciki Discovery ya ɗauki madubin hangen nesa na Hubble a 1990, a ciki kuma aka riƙa kai sassan tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tun daga Disamban 1998.

Mai son jirgi maimakon kumbo, na ji ka, fukafukai gare shi. Amma a saukowa ba injin da ke tura shi, zamowa yake yi a kan iska, in ya kuskure titi ba zai iya zagayowa ya sake gwadawa ba. Kunnen Bahaushe kuma ya saba: in an ce kumbo an bar duniya, in an ce jirgin sama ana nufin na Jidda.

Malam, ka ce ba a sanin ingancin kalma sai an sa ta a labari. Gaskiya ne. Bari mu gwada da harbawar da na fi so a nuna wa ɗalibai bidiyonta, ta ranar 5 ga Afrilu, 2010, a Cibiyar Kennedy da ke jihar Florida.

Ƙarfe 6:21 na asubahin can aka sa, wato 11:21 na safe agogon Najeriya da Nijar, kimanin minti 50 kafin fitowar rana. Ba don kyan kallo aka zaɓi lokacin ba. Kumbon jigila Discovery tashar sararin samaniya zai je, kuma dole a jira juyawar duniya ta kawo dandamalin harbawa daidai ƙarƙashin hanyar da tashar ke bi. Damar ba ta wuce kimanin minti 10 ba. In ta faɗo da tsakar dare, da tsakar dare za a tashi. A ranar sai ta faɗo da duku-duku, alfijir ya keto amma gari bai waye ba. Kwata ɗaya kafin lokaci, ita kanta tashar ta gifta ta saman masu kallo kamar tauraro mai tafiya, don can sama rana ta riga ta same ta.

Abin da ke tsaye a dandamalin ba abu ɗaya ba ne, kuma nan ne mai fassara ke tuntuɓe. Akwai farin kumbo mai fukafukai, da mutum bakwai a ciki. Yana manne da wani ƙaton tanki mai ruwan lemo, cike da ruwan haidurojin da na oksijin masu tsananin sanyi. A gefe da gefen tankin akwai dogayen rokoki biyu farare, masu daskararren makamashi. Duka-duka tsayinsu mita 56, nauyinsu wajen tan 2,000.

Ana saura 'yan sakanni sai a sako ruwa fiye da lita miliyan 1 a ƙarƙashin dandamalin, don ya shanye ƙarar da za ta iya dawowa ta illata kumbon. Saura sakan 6 da 'yan kai, injuna ukun da ke gindin kumbon su kama ɗaya bayan ɗaya. Ƙarfinsu kan sa duk ginin ya ɗan sunkuya, sannan ya dawo ya miƙe. Daidai miƙewar ake kunna rokokin nan biyu, a fasa notuna takwas da ke riƙe da su. Daga nan ba fashi, don irin wannan roka in ta kama ba a kashe ta. Farin gajimaren da ke turnuƙe wurin, wanda mutane ke ɗauka hayaƙi ne, yawancinsa tururin ruwan nan ne.

Haske ne ke fara isowa, ya haske gaɓar teku baki ɗaya, amma ba ƙara ko kaɗan. 'Yan jarida da ke tsaye wajen kilomita 5 daga dandamalin sai sun jira kusan sakan 15 kafin ƙarar ta iso. Waɗanda ke garin Titusville, a ƙetaren ruwa, kusan minti guda suke kallon wuta tana hawa shiru. In ta iso kuma ba rugugi ɗaya ba ne, tatsatsa ce mai yage iska, ana jin ta a ƙirji. Kumbon ya wuce hasumiya, ya juya ya kwanta rigingine a ƙarƙashin tankinsa, ya nufi arewa maso gabas. Bayan minti 2, a tsayin kilomita wajen 45, rokokin biyu suka rabu da shi, suka sauko da laima cikin Tekun Atlantika, inda jiragen ruwa ke jira su jawo su gida a sake cika su. A nan ne asuba ta yi nata aikin. Ƙasa tana cikin duhu, amma kumbon ya hau inda rana take, sai iskar da injunansa ke fitarwa ta bazu tana sheƙi, sawun hayaƙin da ya bari a baya kuma ya riƙa sauya launi, ja da ruwan ɗorawa da shuɗi-shuɗi, iskar sama tana murɗa shi har gari ya waye. Minti 8 da rabi da tashi aka kashe injuna, aka saki tanki ya koma ya tarwatse a iska can saman teku. Kumbon jigila ya shiga falaki yana gudun kilomita wajen 28,000 a awa, yana kewaye duniya duk minti 90.

To Malam, ka ga kalmar ta zauna a jimla ba ta yi tsini ba. Amma labarin ya tono wata buƙata. Tanki dai tanki ne, kowa ya san shi. Rokokin gefen nan fa?

Wani ƙanenmu ya ce rokokin rakiya, don suna taka wa kumbo ne zuwa bakin hanya su juyo gida. Da jin ta ta yi daɗi, har na fara rubuta ta.

Hajiya, ranki ya daɗe, kin ce a'a, kuma hujjarki ta fi ƙarfi. Ɗan rakiya a bakin mutane shi ne wanda ya zo cika wuri, irin wanda ake cewa ya shiga zaɓe rakiya. Waɗannan kuwa su ne ke ba da mafi yawan ƙarfin da ke ɗaga tan 2,000 daga ƙasa, in babu su ko motsi ba za a yi ba. Kin kawo rokokin ɗauki, masu kawo ɗauki a lokacin da nauyi ya fi yawa, su janye in an samu sauƙi. Har ga shi tana amsa amon ɗauka. Ni na karɓa. Ƙanena, ka yi haƙuri, uwa ta yi magana.

Akwai suka guda da ta fi sauran nauyi, daga wani injiniya a cikinmu. Ya ce jigila tana nuna abu na kullum, mai sauƙi, a je a dawo kafin la'asar. Wannan kuwa tashi 135 ya yi a shekara 30. Shekarar da aka fi yawa, 1985, tashi 9 ne. Ya ce ɗaukar tafiyar a matsayin abin da aka saba na cikin abin da ya jawo asarar rayuka, kuma bai faɗi ƙarya ba. Ranar 28 ga Janairu, 1986, an harba Challenger da safiya mai tsananin sanyi, duk da injiniyoyin kamfanin da ya ƙera rokokin ɗauki sun yi gargaɗi. Sanyi ya sandarar da zoben robar da ke toshe mahaɗar ɗaya daga cikinsu, wuta ta samu kafa, kumbon ya tarwatse sakan 73 da tashi. Ranar 1 ga Fabrairu, 2003, Columbia ya wargaje a hanyar dawowa, saboda wani ɓallin soso daga jikin tanki ya fasa masa gaban fiffiken hagu tun ranar tashi. An sha ganin soson yana ɓallewa a tafiye-tafiyen baya, har aka daina ɗaukarsa babban abu. Mutum 14 ke nan suka rasu a haɗurran biyu.

Injiniya, duk na yarda da wannan, amma laifin ba na kalma ba ne. Jigilar alhazai sau ɗaya ake yi a shekara, da shiri na watanni da addu'a, ba wanda ya taɓa cewa ba jigila ba ce. Abin da kalmar ke buƙata shi ne abin hawa ɗaya ya kai, ya dawo, ya sake kaiwa. Inda za ka kama ni shi ne Buran na Tarayyar Sobiyet, wanda ya tashi sau ɗaya tak a Nuwamban 1988, ba kowa a ciki, ya sauka da kansa, bai ƙara tashi ba. Shi kam kumbon jigila ne da bai samu yin jigila ba, kuma haka zan rubuta shi.

Wanda ya ce mene ne ruwan Bahaushe da wannan duka, ya tambayi dattawan Kano. Hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta taɓa kafa tashar bin sawun kumbo a Kano a farkon shekarun 1960, tana cikin tashoshin da suka bi ɗan sama jannatin Amurka John Glenn sa'ad da ya kewaya duniya sau uku a Fabrairun 1962. Shi wannan Glenn ɗin ya sake komawa sama a 1998 yana da shekara 77, a cikin Discovery. Duk mai ba da tarihinsa da Hausa dole ya bambanta abin da ya hau da fari da wanda ya hau daga baya, kuma kumbo kawai ba zai raba masa su ba.

Mun tsaya ke nan a kan kumbon jigila, rokokin ɗauki, tankin mai, dandamalin harbawa. Ƙoshiya ta koma wurin masaƙa da girmanta.

Saura guda da ban samu bakin zarenta ba. Jikin kumbon lulluɓe yake da ƙananan fale-falen kare zafi fiye da 20,000, kusan kowane da siffarsa da lambarsa, su ne ke hana shi narkewa in ya shigo iskar duniya. Wasu sun ce tayil, tunda kowa ya san na daɓen ɗaki. Wani ya ce sulke, wani ya ce ɓawo, yana nufin irin na kifi. Tayil ya faɗi siffa bai faɗi aiki ba, sulke ya faɗi aiki amma ba ya ƙirguwa ɗaya-ɗaya, alhali labarin yakan zo ne a kan guda nawa suka ɓalle. Magina da malaman kimiyya, ku muke saurare.