Haihuwa da kai: abin da mata suka yi ittifaƙi a kansa

Hirar da wasu mata suka yi ta taso ne daga wata mai cikin fari da ta dage a ɗaki za ta haihu, kamar yadda kakarta ta haifi goma ba allura. Babu wadda ta kushe mata burin. Sai dai an ce ta bar ƙofa a buɗe, don ciki ba ya bin tsarin mai shi.

Awo aka fi nanatawa. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas. A can ake gano jini ya hau, ya kai 140/90, ko jariri ya kwanta a gicciye, ko mabiyiya ta tare hanya. Ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska da dishi-dishin gani kuwa, jijjiga ke tafe. Ranar ba ta rubutu da turare kaɗai ba ce.

An daɗe a kan kunya. Wata ungozoma ta ce ta ga yarinya ta kwana biyu tana naƙuda, ta cusa bakin zani a baki don kada suruka ta ji nishinta. Irin wannan doguwar naƙuda ce ke kai mata asibitin yoyon fitsari na Babbar Ruga a Katsina. Shawararta: rana kada ta faɗi sau biyu a kan mai naƙuda, awa 12 ta isa a kama hanyar asibiti.

Maigida kuma ya ba da izinin tiyata tun da wuri, ya tanadi kuɗin mota da wanda zai ba da jini.