Wi-Fi ta nuna a haɗe amma shafi ba ya buɗewa: daga ina ake fara bincike?

Mai Kafe: Assalamu alaikum 'yan zaure. Kwamfuta ta nuna tana haɗe, amma babu shafin da ke buɗewa. Ta ina ake farawa?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Alhaji, zango-zango saƙo ke tafiya: kwamfuta, rawuta (akwatin da ke watsa Wi-Fi), kamfanin da ke ba ka layi, sai manyan wayoyin da ke fita ƙasashen waje. Bi su ɗaya bayan ɗaya. Buɗe Command Prompt, wato baƙar tagar rubuta umarni a Windows, ka rubuta ipconfig. In adireshin kwamfutar ya fara da 169.254, rawuta ba ta ba ta adireshi ba ke nan, matsalar tana cikin ɗakinka. Kashe rawutar, ka jira kamar daƙiƙa 30, ka kunna. In kuwa ka ga 192.168, yi ping (umarnin gwada ko na'ura tana amsawa) ga lambar da ke gaban Default Gateway, wato adireshin rawutar, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1.

Malama: In rawutar ta amsa, sai ping 8.8.8.8, adireshin wata na'urar Google a intanet. Wannan ya amsa amma google.com ya ƙi, to DNS ce, wato mai juya sunan shafi zuwa lamba. Layinka lafiya lau, mai fassarar ne ya tsaya. Sa 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare a saitin DNS, sannan ka rubuta ipconfig /flushdns.

Mai Kafe: In 8.8.8.8 ɗin ma ya yi shiru fa, Malama?

Injiniya: Sai tracert 8.8.8.8. Zai jero maka kowane zango da milisakan da ya ci. Kada tauraro (alamar * ta rashin amsa) a layi ɗaya ya tayar maka da hankali, wasu rawutocin da gangan ba sa amsawa. Abin dubawa shi ne inda taurarin suka fara kuma ba su yanke ba har ƙasa. In daga zango na biyu ko na uku ne, matsalar daga kamfanin da ke ba ka layi take, sau da yawa masu aikin titi ne suka datse wayar fayiba da ke ɗauke da intanet. Ɗauki hoton allon ka tura musu, ya fi "babu netwok" amfani nesa ba kusa ba.

Malama: Wani lokaci ma abin ya fi ƙarfin kamfanin. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa, Najeriya da Ghana duk suka ji a jika. Glo-1 da Equiano na Google, wadda ta iso Legas a 2022, ba su yanke ba, can aka karkatar da zirga-zirga. Shi ya sa, Alhaji, in za ka ajiye layi na biyu, tambayi kamfanin ta wace waya yake fita. Layi biyu a kan waya ɗaya tare suke mutuwa.

Injiniya: Haka ne. Ga wata alama: shafukan cikin gida na buɗewa, na waje sun ƙi ko suna jan ƙafa. Na gida suna iya haɗuwa a IXPN, mahaɗar kamfanonin intanet ta Najeriya, ba sai sun tsallaka teku ba. In ka ga haka, bar rawutarka ta huta, kada ka danna reset ka goge saitinka a banza.