Hoton Kakanmu ya manne da gilashi, wa ya san mai gyara a Kumasi?

Maman Hafsa, Aboabo: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ruwan makon jiya ya shiga ɗakin Mma, ya jiƙa hoton Kakanmu, wanda ya ɗauka da rawaninsa tun kafin Ghana ta samu 'yancin kai. Rabin hoton ya manne da gilashi, ƙasansa ya fara fumfuna. Firam ɗin katako ne mai sassaƙa da ruwan zinari, shi ma yana ɓarewa. Takardunsa na ajami da ke cikin adaka su ma gefensu ya sha ruwa. Wa ya san mai gyara na amana?

Ɗan Alabar: Wa'alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba. Ki shiga Adum, masu firam sun yi yawa.

Hajiyar Asawase: 'Yata, don girman Allah kar ki ɗauki hoton nan ki miƙa wa kowane mai shago. Abin da ya same mu ke nan da hoton auren mahaifiyarmu. An kai wa wani mai firam, ya ce aikin minti biyar ne. Ya sa bakin reza ya ɗaga hoton daga gilashi, sai fuskar Mma ta zauna a jikin gilashin, farar takarda ta biyo hannunsa. Don ya rufe ɓarnar ya manna gefen da ya yage da salatif, ya tura hoton cikin injin nan mai rufe takarda da roba. Yau wurin salatif ɗin ya koma ruwan ƙasa, robar kuma ba ta ciruwa, zafi da gam sun riga sun kama takardar. Daga baya wani malamin zane ya gaya mana cewa tsofaffin hotunan nan wani abu mai yauƙi ne a fuskarsu, shi ke riƙe surar mutum. Da ya ji danshi sai ya yi laushi, ya bushe a jikin abin da ya taɓa. Kar ki ja, kar ki sa a rana, kar ki goge. Ki fara zuwa a ɗauke shi da injin sikan yana manne da gilashinsa, ki samu kwafi a hannu tukuna. Har yau in na ga hoton nan hawaye nake.

Maman Hafsa: Allah sarki Hajiya. Wallahi da safen nan ƙanena ya ce a kawo wuƙa.

Baba Kafinta: A kan firam zan yi magana, nan ne sana'ata. Ruwan zinarin nan ba a kan katako yake kai tsaye ba, akwai farin shafe na alli da gam a ƙarƙashinsa, kuma ruwa na narkar da shi. Kar tsumma mai lema ya taɓa shi. Ɓarɓashin da ya faɗo ki tattara a ambulan, ana mayar da shi. Ki juya bayan firam ɗin, in kin ga ƙananan ramuka da gari yana zuba, ƙwaro na ciki, ki raba shi da sauran kayan katako. Wanda ya ce zai fesa masa fentin gwal ya koma sabo, ki karɓe kayanki.

Ustaz na Sawaba: Ni dai tambayata, rataye hoton mamaci a ɗaki ma ya halatta? Takardun ilmin su ne abin ceto.

Ɗan Alabar: Ustaz, gyara aka tambaya, ba fatawa ba.

Ustaz na Sawaba: Tunatarwa ce. Amma kan takardun: in tawadar ƙaro ce, ruwa na wanke ta kamar yadda muke wanke allo. A shimfiɗa su ɗaya bayan ɗaya a inuwa inda iska ke shiga, kuma kar a rikita jerinsu, don tsofaffin littattafanmu ba a ɗinke suke ba.

Yaya Nima: Gaskiyar Ustaz. In sun bushe ku tuntuɓi Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Legon, tun shekarun 1960 suke tattara rubuce-rubucen Larabci da ajami na ƙasar nan, har da na babban malamin nan Alhaji Umaru na Karaci (Kete-Krachi). Hoton kuma ku kawo Ankara (Accra), gidan tarihi na ƙasa ya sake buɗewa a 2022, a tambayi ma'aikatansu.

Ɗan Alabar: Ku mutanen Ankara komai sai a kawo muku. Mu ba mu da Manhyia, fadar Sarkin Asante mai gidan tarihi? Kayan zinarin da Turawa suka kwasa a 1874, da aka dawo da wasu a 2024, ina aka ajiye su?

Yaya Nima: Na Ingila dai aro aka ba ku.

Ɗan Alabar: Na Amurka kuma dungurungum aka dawo da su. Bari Kotoko tamu ta haɗu da Hearts taku a filin ƙwallo mu ƙarasa maganar.

Kawu Magini: Tunda ana maganar tsofaffin kaya, ku ja kunnen matasanmu masu aikin gayya a maƙabarta. Na ga ana dirje duwatsun kaburbura da burushin ƙarfe, ana cike tsaga da siminti. Rubutun ke tafiya. Masallacin Larabanga ma siminti aka shafa masa a shekarun 1970, danshi ya maƙale a cikin bango, gara ta ci itacen, sai da aka kankare simintin aka koma yaɓen ƙasa. Ruwa zalla da burushi mai laushi sun isa dutse.

Maman Hafsa: Na gode ƙwarai. To fumfunar fa? Tana ƙaruwa.

Baba Kafinta: Ki cire katakon bayan a hankali iska ta shiga, ki kwantar da shi gilashin na ƙasa. Kar ki ƙulle shi a leda yana da danshi.

Hajiyar Asawase: Sikan ɗin dai tukuna, 'yata. Gobe in Allah ya kai mu ki biyo ta gida, jikana zai raka ki Tek, wato jami'ar KNUST, sashen zane, a tambayi malamansu.

Ɗan Alabar: Kawu, wace maƙabarta ce? Ta Tafo?