Dan Allah bidiyon kyauta na YouTube sun isa mutum ya koyi blog da tallan intanet?

Maman Hanan, Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a barkanmu da warhaka. Ina saida turaren wuta da humra, cinikin duk a status ɗin WhatsApp nake yi sai kuma ƴan biki in an samu, to yanzu so nake in buɗe blog in riƙa rubuta yadda ake haɗa su da yadda ake gane mai kyau ko Allah zai sa in samu kwastomomi daga wajen Zariya. Wani ya ce in kawo 25,000 ya sa ni a ajinsa na Telegram, ƙanena kuma da ke karatu a ABU Kongo nan Zariya ya ce kar in ba da ko sisi, duk abin da zai koya min yana YouTube kyauta. Na duba kuma wallahi bidiyoyin sun yi yawa kaina ya ɗaure, kowa da abin da yake faɗa. Wanne zan kama? Waya kawai gare ni babu laftop.

Abu Samaru:
Wa'alaikumussalam Hajiya. Gaskiya ƙanenki ya faɗa, riƙe kuɗinki tukuna. Blogger na Google kyauta ne kuma da waya ma ana buɗewa, ki nemi bidiyo ɗaya tak wanda ya fara tun daga buɗe shafi har zuwa sa rubutun farko, ki kalli minti biyu ki tsayar ki je ki yi abin da ya yi sannan ki dawo, in kika zauna kina ta kallo kawai to sati zai wuce ba ki buɗe komai ba data kuma ta tafi.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne tsohon bidiyo. Ki riƙa duba shekarar da aka ɗora shi kafin ki danna, domin maɓallan suna canja wuri. Misali tsohon Google Analytics, mai ƙirga masu shiga shafi, ya daina aiki tun Yulin 2023 amma har yau bidiyoyinsa na nan birjik, sai ki ga mutum yana ta neman abin da babu shi yana zaton shi ne bai gane ba. In kin yi rubutu kamar biyar sai ki koyi Search Console, a nan za ki ga kalmomin da mutane ke rubutawa har su faɗo shafinki. Tashar Ahrefs tana da darasin SEO na ƴan koyo, wato yadda shafi zai riƙa fitowa a sama in an yi bincike a Google, HubSpot Academy ma kyauta ce har da satifiket. Duk da Turanci ne, ki kunna CC maganar ta riƙa fitowa a rubuce, ki rage gudun maganar zuwa 0.75. Batun data kuwa ki sauke da daddare da night plan, amma kar ki yi ƙasa da 480p don rubutun allon ba ya fitowa.

Ɗan Kwangila:
Malam Abu ban ƙi taka ba amma akwai abin da ka tsallake. Yawancin masu bidiyon nan da ƴan Amurka da Indiya suke magana, kuma ƙarshen zancensu duk AdSense ne, wato tallan da Google ke sawa a shafinka ya biya ka, alhali Hausa ba ta cikin harsunan da AdSense ke karɓa. Ko da Turanci kake rubutu sai ka kai dala 10 su turo maka PIN ta gidan waya ka tabbatar da adireshi, sai ka tara dala 100 kafin su biya, yara nawa na gani a Sabon Gari sun shekara suna jiran wannan kuɗin. Ke Hajiya kuɗinki yana cikin kwalbar humra ba a tallan Google ba. Ni da za ki ji tawa bidiyon Canva da CapCut, manhajojin haɗa hoto da bidiyo, za ki fara nema, da yadda ake jera kaya a katalog ɗin WhatsApp Business, sai ki sa sana'arki a taswirar Google yadda wanda ya rubuta turaren wuta Zariya zai gan ki. Blog ɗin ya biyo baya.

Anti Gyallesu:
Ƴar uwa ni su atamfa da mayafai nake saidawa kuma a bidiyon kyautan nan na koyi hoto. Wata mata na gani tana nuna yadda ake ajiye kaya kusa da taga da hantsi a shimfiɗa farin ƙyalle a kashe fulash, a goge gilashin kyamara da gefen mayafi kafin a ɗauka, wannan kaɗai ya sa masu cewa "ba kalar da na gani ba ce" suka ragu min sosai. Shi mai ajin ban ce maƙaryaci ba ne, akwai daɗi ka samu wanda za ka tambaya da Hausa ya amsa maka, amma ki ce ya nuna miki nasa shafin da na ɗalibansa biyu ki shiga da kanki ki gani. In hoton alat kawai yake turowa ki rabu da shi. Kuma ki fara tunanin yadda za ki riƙa aika kaya a mota, na Kano da Kaduna ba wuya, kwalba ce dai tana son naɗi mai kyau.

Maman Hanan, Tudun Wada:
Kai na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. To Malam Abu tunda haka ne da Hausa zan rubuta ko da Turanci?

Abu Samaru:
Da Hausa mana Hajiya, masu sayen humra da Hausa suke nema kuma ba tallan Google kike jira ba. Ki dai sa lambar WhatsApp ɗinki a ƙasan kowane rubutu, sunan shafin kuma ya zama gajere wanda za a iya faɗa a voice note. In ƙanen naki ya dawo daga Kongo ranar Asabar ku zauna tare ku buɗe.