Birni mai wayo ko birni mai lura?

Jama'a, ina neman hannunku a kan kalma guda. Ƙanwata tana fassara labarai daga Faransanci a wani gidan rediyo nan Yamai. Shekaranjiya ta kira ni ana gab da shiga shiri: "Yaya, ville intelligente fa, mi zan ce?" Na ce ta ce birnin zamani. Haka ta karanta, amma tun ranar raina bai kwanta ba, don na san abin da na ba ta bai cika ba.

Birnin zamani ai mun gan shi. Lokacin taron Tarayyar Afirka na Yulin 2019 an gyara filin jirgin Diori Hamani, manyan otel sun tashi, an shimfiɗa kwalta. Wannan zamani ne. Amma magudanar ruwan layinmu takan toshe da leda da rairayi, ba mai sani sai ruwan farko ya shigo tsakar gida. Abin da masu kalmar suke nufi daban ne: a dasa na'urori a tituna, da bututun ruwa, da turakun wuta, su riƙa auna abin da ke faruwa, labarin ya isa wurin masu hukunci nan take, su kuma su motsa. A Singafo tun 1998 na'ura ce ke cire kuɗin shiga tsakiyar gari daga mota ba tare da ta tsaya ba. A Songdo ta Koriya ta Kudu shara ta cikin bututun ƙarƙashin ƙasa take bi. Indiya ta buɗe shirin birane 100 a 2015. Mu ma abin ya iso mu ta ƙofar ƙauye: shirin villages intelligents na ANSI, hukumar gwamnati mai kula da fasahar sadarwa, wanda Bankin Duniya ya ware wa dala miliyan 100 a 2020. Ke nan kalmar da za mu zaɓa dole ta zauna wa ƙauye kamar yadda ta zauna wa birni.

Da dare na kai maganar fada. Ana kan shayi na biyu wani ya ce birni mai wayo. Kawu, tsohon malamin makaranta ne, ya ajiye kofinsa ya ce: "Ɗana, wayo na dila ne da gizo. In aka ce maka ɗan kasuwa mai wayo ne, kakan saki jiki da shi?" Gaskiya ya faɗa. Bahaushe in ya ji wayo, sai ya dafe aljihu.

Birni mai hankali ma bai daɗe ba, don hankali natsuwa ce da ladabi. Komai-da-ruwanka ta karɓi wayar hannu sosai, amma a kan gari tana kama da shisshigi. Wadda ta ja mu har shayi na uku ita ce basira. Kalma ce mai kyau, kuma na yarda ita ta fi kusa da Faransancin. Damuwata biyu ce. An riga an ba ta aiki a ƙirƙirarriyar basira, mai sauraro zai haɗa su alhali ba abu ɗaya ba ne. Sannan basira a ka take zama. Yaro yana iya zama mai basira ya kwana bai ɗaga tsinke ba.

Ni abin da na kawo shi ne birni mai lura.

Ku duba yadda muke juya kalmar. "Na lura hadari ya haɗo": na gani, na gane. "Ki lura da ƙanenki": ki tsare shi, ki kula. Gani da kulawa a kalma ɗaya, su ne kuwa ƙafafu biyu na wannan abu. Ina tuna Satumbar 2020, da kogin Isa, wato kogin Neja, ya kai wajen mita 7 a ma'aunin Yamai, ruwa ya shiga Lamorde da Kirkisoye da Saga. Na taya wani abokina kwashe kaya a Harobanda, katifa a ka, ruwa har gwiwa, uwarsa riƙe da takardun gida cikin leda tana ɗaga su sama. Masu auna kogi muna da su, hedikwatar hukumar kogin Neja da cibiyar AGRHYMET mai nazarin yanayi da ruwa duk a garin nan suke. Birni mai lura shi ne wanda wannan awon zai zama saƙo da Hausa da Zabarmanci a wayar tsohuwar nan kwana biyu kafin ruwa, da sunan makarantar da za ta fake.

Kalmar kuma tana haihuwa ba wahala: ƙauye mai lura, fitilar titi mai lura wadda ke rage haske in ba kowa, danja mai lura da ke duba yawan motoci a bakin gadar Kennedy kafin ta ba da hannu. Jam'i, birane masu lura.

Kawu bai bar ni haka ba. Ya ce: "To, in lurar ta koma sa ido fa? Kyamara a kowace kwana, wa ke riƙe da hotunan?" Na ce shi ya sa ma nake son kalmar, Kawu. Duk wanda ya ji ana lura zai tambaya wa ke lura, da wa, don mi. Tambayar nan ya kamata ta zo wa ɗan gari tun daga sunan.

Inda nake tsaye yanzu shi ne tsakanin birni da gari. Birni yana tuna ganuwa da girma, irin Birnin Ƙonni. Gari ya fi faɗi, ya haɗa Yamai da Abalak. Na ce wa ƙanwata ta gwada birni mai lura a shirin Asabar. Mutanen Tawa, na Maraɗi da na Damagaram, ku faɗe shi da baki ku ji, ku gaya mini ko ya zauna a kunnenku kafin ranar.